Rantsuwar Illa Tsohon Soja

A shekarun farko na mulkin kai, lokacin da sojojin da suka yi wa Faransa yaƙi suke ta komowa gida, akwai wani dillalin shanu a birnin Tawa mai suna Malam Almustafa. Mutum ne mai nauyin baki, wanda in ya ce saniya lafiyarta lau, Buzu da Bafillace da Bahaushe duk sukan karɓa ba tare da sun buɗe bakinta ba. Yana da wata ɗabi'a da ya gada daga mahaifinsa: ba ya yanke magana sai ya tambayi yadda magabata suka yi da irinta. In an sami wanda ya tuna, shi ke nan, an huta. In ba a samu ba, maganar takan kwana.

Ƙanensa Illa, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne abin da ya hana shi sakewa. An ɗauki Illa soja yana saurayi, ya ga ƙasashen da ko sunansu mutanen gida ba su iya faɗa daidai ba, ya komo da lambobi a ƙirji da kuma shan giya. Ba shan ranar biki ba, shan kullum, shekara da shekaru. An yi masa nasiha, an ba shi rubutu ya sha, an kai shi wurin wani malami a Takanamat, duk a banza. Ana cikin haka matarsa Rakia ta haifi ɗa namiji. Ranar suna, malamai na zaune a kan tabarmi, an ɗaga hannu za a shafa fatiha, sai ga uban jariri ya shigo yana tangaɗi yana rera waƙar bariki, ya yi tuntuɓe da kwaryar goro ya zube a tsakiyar mutane.

 Almustafa ya bari sai Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ya tara dattawan gida da maƙwabta a zauren mahaifinsu. Ya sa Illa ya yi alwala, aka ɗauko Alƙur'ani, Illa ya dafa ya rantse cewa shi da giya har abada. Sa'an nan Almustafa ya ɗora tasa maganar a kai, kowa na ji.

"In ka karya wagga rantsuwa, ka fita gidan ubanmu. Ba ni da ƙane. In ka mutu, ba ni bin gawarka."

Illa ya ce, "Na ji, Yaya." Ya shiga ɗakinsa ya fito da kwalaben da suka rage, ya fasa su a bayan gida da hannunsa.

Washegari hannuwansa suka fara karkarwa. Kafin ranar kasuwa ya kasa riƙe ludayi, gumi na zuba masa kamar wanda ya yi noma, abin da ya ci sai ya dawo. Daga nan ya faɗi yana shure-shure, kumfa a baki. Da ya farfaɗo sai ya shiga ganin abin da babu: yana kaɗe kunamu daga rigarsa, yana nuna bango yana cewa ɓeraye na saukowa a jere. Almustafa da kansa ya ɗaure shi a zaure don kada ya faɗa rijiya, ya naɗa tsumma a wuyan hannunsa kafin ya zagaya igiyar.

Aka aika garin Afala, ƙanen mahaifinsu Baffa Mamman ya iso a kan doki. Ya tsaya ya dubi Illa, ya girgiza kai, ya zauna a kan buzu.

"Rantsuwa ta kama shi," in ji tsohon. "Mun ga irin wanga. Zamanin kakanku, Baƙo na Kalfu ya dafa Littafi bisa wani raƙumi da ba nashi ba. Ba a yi mako ba jiki nai ya ɗauki rawa, shina ihu shina ganin abubuwa. Ga shi nan, babu bambanci. Wanga yaro ya sha a ɓoye."

"Wallahi bai sha ba, Baba," in ji Rakia daga bayan ƙofa, jariri a bayanta. "Ni ke kwana da shi ɗaki guda. Ko ƙofar gida bai taka ba."

"Ke kuma wa ya sa da ke? Wace mata ce za ta ce mijinta ya sha?"

Hukuncin da suka gada a kan wannan a fili yake. Wanda rantsuwa ta kama ba a ba shi magani, domin ba a shiga tsakanin Littafi da wanda ya ci amanarsa. Sai ya amsa laifinsa da bakinsa a gaban waɗanda ya rantse a gabansu, sa'an nan malamai su roƙa masa sassauci. Saboda haka aka riƙa zuwa ana durƙusawa kusa da Illa ana cewa ya faɗi gaskiya ya huta. Duk lokacin da hankalinsa ya ɗan dawo, maganarsa ɗaya ce: "Ban sha ba, Yaya." Sai dattawa su dubi juna, su ce taurin kan soja ne.

Almustafa ya rasa inda zai sa ransa. In Illa ya amsa, to dole ya kore shi, domin ya faɗa a gaban jama'a, kuma bai taɓa janye magana ba. In bai amsa ba, ga shi yana ƙarewa a kan tabarma. Ta kowace hanya ya rasa ɗan'uwansa. Shi ne ya goya shi lokacin da uwarsu take jinya, shi ne ya raka shi har bakin mota ranar da aka tafi da shi soja. Abinci ya daina shiga masa.

Da hantsi, yana can wajen gari yana duba wasu bijimai da aka kawo daga arewa, sai wani maƙwabci ya zo ya shaida masa cewa Rakia ta kira abokan mijinta na soja, sun kwance shi, sun ɗora shi a amalanke sun kai shi asibiti. Almustafa ya bar bijiman a tsaye, ya nufi asibitin da niyyar ɗauko ƙanensa ya mayar da shi inda za a gama abin da aka fara.

Ya tarar da Rakia a zaune a gindin wata bishiyar bedi a farfajiya. Ta sunkuyar da kai, amma ba ta ba da haƙuri ba. Aka shigar da shi wani ɗaki mai warin magani, inda ya sami likitan yana wanke hannu. Sunansa Ishaku, Kirista ne daga kudu, ya yi karatunsa a Dakar, kuma a ganin Almustafa ko Illa ya girme shi.

"Sannu da zuwa, Malam. Kai ne wan nasa? Zauna."

"A tsaye ma ya isa. Likita, ba raini ba, amma wanga ciwo ba naku ba ne. Na zo in tahi da shi."

"Na wane ne?"

 Almustafa bai saba kai maganar gida waje ba, balle gaban wanda ba addininsu ɗaya ba. Amma ya ga babu makawa, sai ya faɗa masa a taƙaice: an rantse a kan barin giya, an karya, rantsuwa ta kama.

Likita ya goge hannunsa, ya jawo kujera ya zauna, ya sake nuna masa ɗayar. Wannan karon Almustafa ya zauna.

"Wa ya gan shi yana sha bayan rantsuwar?"

"Ba wanda ya gani. Ciwon ne shaida."

"To bari in faɗa maka yadda ciwon ya zo, in na yi kuskure ka gyara mini. Matarsa ba ta gaya mini komai ba sai sunansa, kuka ya hana ta. Da farko hannu ne ya fara rawa, da safe. Sai gumi da amai, barci ya ƙaurace. Sai ya faɗi kamar mai farfaɗiya. Bayan haka ya fara ganin abubuwa, kuma ba manya ba, ƙanana masu yawa, masu rarrafe, a bango ko a jikin rigarsa."

Almustafa ya dube shi sosai. Maganar kunamu da ɓeraye ba ta fita zaure ba, shi da kansa ya hana. A sana'arsa ya san abu ɗaya: wanda ya faɗa maka aibin dabba tun ba a juyo da ita ba, ya san irinta.

"Ina ka san wanga?"

"Na gan shi ya fi a ƙirga. Malam, wannan ciwo ba ya kama mai sha. Wanda ya daɗe yana sha ya bari farat ɗaya, shi yake kamawa. Jikin ƙanenka ya shekara da shekaru yana jingine da giya, kamar bangon da aka tokare da itace. Kun zare itacen rana ɗaya. Da ya sha a ɓoye yadda kuke zato, da hannunsa ya tsaya cik, da yanzu yana gida yana muku gardama."

Almustafa bai yi saurin yarda ba. Magana mai daɗi ita ya fi jin tsoro a ciniki.

"Wa aka taɓa yi wa haka? Faɗa mini mutum, ba karatu ba."

"Akwai wani mai dakon kaya a tashar jiragen ruwa ta Dakar. Ƙafarsa ta karye aka kwantar da shi, kwalba ba ta isa gadonsa, kafin ƙafar ta fara haɗuwa ya shiga wannan hali. Akwai wani Bature mai gyaran motoci da aka rufe saboda faɗa, a ɗakin kurkuku ya same shi, yana ihu wai gizo-gizo sun rufe shi. Babu wanda ya dafa komai a cikinsu. Shi Baturen ma ban ga alamar ya san hanyar coci ba."

"To Baƙo na Kalfu fa, da ya rantse bisa raƙumi?"

"Ban duba shi ba, ba ni da ta cewa a kansa. Wanda na duba shi ne Illa."

 Sai ga wani abu ya faɗo wa Almustafa a rai, wanda ya sha gani da idonsa shekaru da yawa bai taɓa auna shi ba. Kowace safiya Illa yakan fito gaisuwa hannunsa na ɓari, har yakan ɓoye shi cikin riga. Sai ya koma ɗaki jim kaɗan, ya sake fitowa yana iya zura zare a allura in an ba shi. Kenan rawar ba baƙuwa ba ce. Kullum tana zuwa, kullum kwalba ke korarta. Wannan karon ne kawai ba a kore ta ba.



"Kenan bai sha ba."

"Bai sha ba. Kuma ka sani, yana cikin wannan azaba ya san sarai kurɓi ɗaya zai sauƙaƙa masa. Mutumin da ya jure haka don ya cika magana, ban cika ganin irinsa ba."

Almustafa ya jawo bakin rawaninsa ya rufe fuska. Likita ya juya ya shiga gyara kwalaben da ke kan tebur, waɗanda ba su bukatar gyara, har sai da dattijon ya sauke rawanin.

"Zai tashi?"

"Ban yi maka alkawari ba. An makara da kawo shi, jikinsa ya bushe, zuciyarsa na gudu. Wannan ciwo yana kisa, Malam, ba zan ɓoye maka ba. Na yi masa allurar da za ta kwantar da shi, ana ƙara masa ruwa, zan riƙa duba shi da kaina. In ya sami barci mai nauyi ya farka, mun haye."

"Cikin maganinka akwai giya?"

Likita ya yi murmushi. "Akwai likitocin da ke ba da ita kaɗan-kaɗan suna ragewa. Ni ina da wani maganin. Abin da ya riƙe da ransa, ba ni zan karya masa ba."

Ya kai shi ɗakin da aka kwantar da Illa. An buɗe tagogi haske na shiga, babu igiya, wani ma'aikacin jinya na zaune a gefen gado yana masa magana a hankali. Illa na ta tsintar abin da babu a kan bargo. Bai gane wansa ba.

Daga asibiti Almustafa bai koma wurin bijimai ba. Ya bi gida-gida da ƙafarsa, ya kira duk wanda ya halarci rantsuwar, bai bar ko ɗaya ba. Ya yi tunanin cewa in Allah ya ɗauki Illa kafin gobe, to kada ya tafi da sunan mai karya rantsuwa, kada a tsaya ana duban juna a kan wa zai sallace shi. Bayan la'asar suka cika zauren. Ya tsaya ya faɗa musu abin da likita ya ce, da abin da shi ya gani da idonsa kowace safiya.

Baffa Mamman ya buga sandarsa a ƙasa. "Yanzu maganar wanga yaro mai farar riga za ka ɗora bisa abin da munka gada?"

"Baffa, ban taɓa abin da munka gada ba. Mai karya rantsuwa hukuncinsa na nan. Cewa na yi Illa ba shi ba ne. A cikinku wa ya gan shi da kwalba?"

 Wani maƙwabci, tsohon maƙeri, ya share murya ya ce shi kam ya ga fasassun kwalabe a bayan gida, kuma tun ranar bai ji warin komai ba in ya durƙusa kusa da shi. Limamin unguwa ya ce ba a tabbatar wa mutum laifi da zato, ya ɗaga hannu aka yi wa majinyaci addu'a. Baffa Mamman ya shafa tare da kowa, yana gunaguni cewa a zamaninsu ko ciwo ya fi na yanzu sanin abin da yake yi. Da za a watse, Almustafa ya leƙa cikin gida ya kira Rakia, ya ce mata ta kyauta. Iyakar abin da ya iya faɗa kenan, ita ma ba ta nemi ƙari ba.

Aka yi kwanaki ana jira. Kullum da safe Almustafa na bakin ɗakin, likita ya fito ya gaya masa gaskiyar yadda ake ciki, ko da daɗi ko babu. Sai wata rana aka ce Illa ya yi barci, barcin da ya ɗauke shi yini guda cur. Da ya farka, Almustafa na zaune kusa da shi. Ya rame, idanunsa sun faɗa, amma nasa ne.

"Yaya," in ji shi, murya a dishe. "Ban sha ba."

"Na sani. Kowa ya sani. Na tara su na gaya musu."

"Har Baffa?"

"Har Baffa. Shina can shina faɗa da zamani."

Illa ya yi dariya, dariyar ta zame masa tari. Likita ya shigo ya kama wuyan hannunsa yana duban agogo, ya buɗe idonsa ya leƙa.

"To, soja, ka haye. Amma kada ka fara neman takalmanka. Za ka zauna a wurina sai jikinka ya koyi tsayuwa shi kaɗai, ka ci, ka yi ƙiba, mu riƙa zama muna magana ni da kai. Abokanka na bariki su zo gaisuwa, amma ni zan fara gaisawa da aljihunsu."

Illa ya kalli rufin ɗaki. Can ya ce, "Likita, in faɗi gaskiya? Har yanzu raina na sonta. Yanzu haka da nake kwance."

Fuskar Almustafa ta ɗaure, ya buɗe baki zai yi magana. Likita ya ɗaga masa hannu.

"Malam, so ba sha ba ne. Wannan maganar ita nake nema daga bakinsa, kuma in ya koma gida kai za ka riƙa jinta. Ranar da ya faɗa maka haka, kada ka tara jama'a. Ka zauna da shi har abin ya wuce, in ya ƙi wucewa ka kawo mini shi. Ciwon jiki mun kore shi. Wannan ɗayan zai daɗe, yana zuwa yana tafiya."

Almustafa ya juya maganar a ransa. Bai san wani magabaci da ya yi haka ba, kuma babu wanda zai tambaya. Ya dubi ƙanensa, wanda yake kallonsa yana jira.

"Na ji," in ji shi. "In ta taso maka, ka zo ka same ni, ko ina tsakiyar ciniki."

"Ko kana kan sayar wa Buzu gurguwar saniya?"

"Ban taɓa sayar da gurguwa ba, ɗan banza."

Rakia ta shigo da kunu a kwano, Almustafa ya bar musu ɗakin. Da ya fito ƙofar asibiti sai ƙanshin nama ya buge shi, daga tukubar wani mai tsire a gindin bango. Nan take ya ji yunwa irin wadda ya manta da ita. Mutum mai matsayinsa ba ya ci a kan hanya, amma ya tsaya ya sayi tsinke biyu, ya cinye su a tsaye mutane na wucewa suna gaishe shi, sa'an nan ya ce wa mai tsiren ya ƙaro, ya zuba yaji sosai.